Amsa: Yarona ba ya rabuwa da gem a waya

Maman Abba, kin ce yaronki kullum yana kan gem, kina tunanin ƙwace wayar. Wallahi kar ki ƙwace tukuna. Ki sa masa Scratch, wani shiri ne na kwamfuta da yara ke haɗa gem da kansu da shi, kyauta ne, jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma akwai wanda ake saukewa a kwamfuta yana aiki ko babu data. Nawa ɗan ƙwallo ne, sai ya haɗa gem na bugun fanareti, ɗiyar maƙwabciyarmu ta zana masa gola, ƙaninsa ya yi muryar "goool" suka naɗa, ranar har musu suka yi kan me ya hana ƙwallon shiga raga, su uku a kan tabarma suna gyarawa har magariba. Ke dai ki riƙa zama kusa.