Amsoshin Tambayoyinku: Me ya hana guguwar 1848 tumɓuke sarkin Beljiyam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma an karantar da mu cewa a 1848 juyin juya hali ya girgiza Faransa da Ostiriya da ƙasashen Jamus da na Italiya, amma ban ji an ambaci Beljiyam ba, alhali tana manne da Faransa. Shin wadata ce ta hana jama'arta tayar da ƙayar baya? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙasar dai tana da dukiya a lokacin, amma ba a hannun jama'a take ba, don haka sai a nemi dalilin a wani wuri.

Beljiyam ta riga ta yi nata juyin tun 1830, lokacin da ta ɓalle daga ƙarƙashin sarkin Holan. Tsarin mulkinta na 1831 ya tanadi 'yancin 'yan jarida da na addini da na kafa ƙungiyoyi da na buɗe makarantu, kuma Sarki Leopold na ɗaya bai hau gadon sarauta ba sai da ya yi rantsuwar bin wannan tsari a ranar 21 ga Yuli na shekarar. Yawancin abin da mutanen wasu ƙasashe suka fito titi suna nema a 1848, masu hali a Beljiyam sun shekara goma sha bakwai suna cin moriyarsa. Na ce masu hali ne saboda ƙuri'a ta mai biyan haraji mai kauri ce, kuma a ƙasa mai mutum kusan miliyan huɗu, masu zaɓe ba su kai dubu hamsin ba.

Da labari ya iso cewa an kori sarkin Faransa a watan Fabrairu, gwamnatin Charles Rogier ta jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, wadda ta karɓi mulki a 1847, ba ta tsaya wata-wata ba. Ta sauke adadin harajin da sai mutum yana biya kafin ya sami ikon zaɓe zuwa mafi ƙarancin da tsarin mulki ya yarda da shi, ta haka ta jawo ƙananan 'yan kasuwa da masu shaguna zuwa ɓangarenta, sannan ta kori baƙin da take zargi, ciki har da Karl Marx, Bajamushen nan mai ra'ayin gurguzu, wanda ke zaune a Burasel tun 1845. Wasu 'yan gudun hijira da suka taho daga Faris da makamai a ƙarshen Maris, sojoji sun tarwatsa su a bakin iyaka. A ganina, an sayi zaman lafiyar nan da araha ƙwarai.

Batun wadata kuwa, ƙasar kamar biyu ce a riga ɗaya. A kudu, yankin Waloniya, ana haƙar kwal a kewayen Mons da Sharlerwa, ga masana'antar ƙarfe da injuna da John Cockerill ya kafa a Seraing kusa da Liyej tun 1817. A tsakiyar ƙasar kuma ga layin dogon da gwamnati ta shimfiɗa da kuɗinta, wanda aka buɗe tsakanin Burasel da Mekelen a ranar 5 ga Mayu, 1835. A arewa kuwa, ƙauyukan Filandas sun dogara ne da kaɗi da saƙar yadin lilin a cikin gida: uwa na kaɗa zare, uba na kan masaƙa, 'yar gonar dankalin Turawa na bayan ɗaki. Zaren inji mai araha daga Ingila ya karya kasuwarsu, cuta ta ruɓar da dankali a 1845, hatsi bai yi ba a 1846, sai zazzaɓin taifus da kwalara suka biyo baya. Mutumin da yunwa ta kwantar a ƙauye, ba ƙuri'a ba ƙungiya, bara ko ƙaura zuwa masana'antun arewacin Faransa ya fi kusa da shi a kan juyin juya hali. Ma'aikatan birni ma doka ta hana su haɗa kai don yajin aiki har zuwa 1866.

Akwai kuma katangar harshe. Ƙidayar 1846 ta nuna cewa fiye da rabin jama'a yaren Filandas suke yi, dangin Holanci, amma majalisa da kotu da soja da manyan makarantu duk da Faransanci suke aiki, hatta attajiran Gent da Antwaf, biranen Filandas, shi suke yi a falonsu, su bar yaren gida don magana da barori. Marubuta irin su Hendrik Conscience sun fara ɗaga martabar yaren tun ƙarshen shekarun 1830, an kuma miƙa wa majalisa takardar koke a 1840, amma doka ba ta ba ɗan Filandas damar a yi masa shari'ar laifi da harshensa ba sai 1873.