Shin Cikakken Ciki Yana Sa Ruwa Ya Ci Yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Haɗeja. Uwar maigidana tana hana yarana zuwa wankan kogi in sun ci abincin rana, sai an yi la'asar take barinsu. Ta ce cikakken ciki yana ɗaure wa yaro ƙafa, ruwa ya ci shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya raya miki su. Wannan magana ba a ƙasarmu kaɗai take ba, har a Turai da Amurka iyaye sun daɗe suna sa yara su jira awa guda bayan cin abinci. Hujjarsu ita ce wai jini yana komawa ciki wajen narka abinci, ya bar hannu da ƙafa babu ƙarfi. Gaskiya ne jinin da ke zuwa hanji yana ƙaruwa in an ci abinci, amma bai kai ya hana ƙafa aiki ba. Manomi yakan sha furarsa a gona ya miƙe ya ɗau fartanya. Masu iyon tsallake tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, tazarar fiye da kilomita 30, a cikin ruwan suke ci suke sha. A 2011 masanan ƙungiyar Red Cross ta Amurka sun bi diddigin lamarin, ba su sami shaidar cewa cin abinci yana jawo nutsewa ba.

Abin da kan faru bai wuce nauyin jiki, sukar kwiɓi ko tashin zuciya ba. Yaron da ya take cikinsa da shinkafa da wake ya hau kurme yana iya yin amai, in kuma bai ƙware a iyo ba, sai ya shaƙe ya firgita. Don haka hutun rabin awa bayan abinci mai nauyi ba laifi ba ne, kada ki ja da Inna a kan wannan, tsoronta na jikokinta ne.

Ni abin da ke damuna shi ne bayan la'asar ɗin. In an ɗauka abinci ne haɗarin, da zarar abincin ya narke sai a ce "ku tafi", hankalin kowa a kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A wajenmu kuwa mun san wuraren. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, gefensa a tsaye yake kamar rijiya, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya gwiwa da wanda ya shanye babban mutum, ƙasansa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Kogin Haɗeja da damina ba shi ne na rani ba, balle in an sako ruwa daga madatsun Tiga da Challawa: inda yaro ya tsaya jiya, yau ya fi ƙarfinsa. Ga kachalla da sauran ciyayi masu sarƙe ƙafa. Hanyoyin ruwan noman rani irin na Kura da Bunkure su ma siminti ne mai santsin gansakuka, shiga da sauƙi, fita da wuya.

Ki kuma sani, wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa yana nutsewa yana tasowa, numfashi kawai yake nema, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yaro yana iya ɓacewa abokansa na wasa a gefensa. Shi ya sa yayan da bai wuce shekara 10 ba bai isa a ba shi tsaron ƙanne ba. Sai babba wanda ya iya ruwa, idonsa a kansu. Mai farfaɗiya kada ya shiga ruwa shi kaɗai ko da iya ƙugu ne, haka saurayin da ya sha ƙwaya mai sa maye ko barci.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, a miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarka marar komai a rufe. In an fito da shi, kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. In ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, ana neman abin hawa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti a duba huhunsa.

Tunda yaranki 'yan kogi ne, ki riƙa lura da fitsarinsu. In kin ga jini a ƙarshensa, mai yiwuwa tsargiya ce, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa a ruwa. Ki kai su asibiti a gwada, tana da magani, sunansa praziquantel.