Tambaya da Amsa: Kayan leƙen asiri nawa ne suke isar runduna?

Tambaya: Malam, tun da jiragen sama marasa matuƙi sun wadata, me ya sa rundunoni ba su sallami sojojin leƙen asiri na ƙasa ba, kuma ta yaya ake yanke yawan kayan sa ido da za a tanada?

Amsa: Masu tsara runduna suna fara lissafi ne daga abin da kwamanda yake buƙatar sani, wato faɗin yankin da za a sa wa ido, da sau nawa za a dube shi a rana, da saurin da labari zai isa gare shi kafin ya zama tsohon zance. Adadin da yake fitowa yakan zarce zaton mutane. A tsarin rundunar sojan saman Amurka, sai an ware jirage marasa matuƙi samfurin Reaper kusan 4 kafin a iya tsare wuri guda da ido dare da rana, domin yayin da ɗaya yake sama, wani yana hanya, wani kuma yana hannun makanikai.

Dalilin haɗa hanyoyin leƙen asiri iri daban-daban shi ne kowanne yana da rauninsa. Tauraron ɗan adam da ke kusa da ƙasa yana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, saboda haka wucewa kawai yake yi, abokan gaba kuma suna iya lissafa lokacin zuwansa su ɓoye kayansu. Idan gajimare ya rufe sama, sai mai na'urar radar, wadda gajimare ba ya tare ta, ne zai gani. Jirgi yana daɗewa a kan wuri, amma ana harbo shi, kamar yadda Tarayyar Sobiyet ta kaɓo jirgin leƙen asirin Amurka U-2 a 1960, Iran kuma ta kaɓo jirgin Amurka marar matuƙi Global Hawk a 2019. Sojan da ya laɓe a kusa ne yake iya tantance ko tankar da aka hango ta gaskiya ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Kosobo a 1999 sojojin Sabiya sun yaudari jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO da tankokin bogi.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne wajen masu nazarin bayanan, tun da sayen jirgi ya fi horar da su sauƙi. A Oktoban 1973 Isra'ila ta ga Masar tana tara dakaru a gaɓar mashigin Suwez, amma manyan jami'anta suka ɗauka atisaye ne, har ana saura sa'o'i kaɗan a kawo hari.