Hukuncin zana keke a fata

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu matasa ne a nan Katsina, muna da ƙungiyar tuƙa keke. Duk Asabar bayan Asuba mukan haɗu a Ƙofar Ƙaura mu fita, wani lokacin har Daura mu kwana mu dawo. Wasu a cikinmu sun kawo shawarar mu yi tambarin ƙungiya a jiki da allura, irin wanda ake kira tatu. Wani yana son zanen farantin sarƙa a sha-raɓarsa ta dama, wani sarƙa zagaye da damtse, wani kuma ƙaramin keke a wuyan hannu tare da rukunin jininsa saboda haɗari. Hujjarsu ita ce keke ba shi da rai, kuma hadisin tsinuwa da mata yake. Mutum ɗaya ma ya riga ya yi, kuma shi ke jan mu sallah a hanya. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya tun allura ba ta taɓa ka ba.

Abokanka sun faɗi gaskiya a rabin maganarsu. Keke ba mai rai ba ne, zana shi halal ne a takarda, a bango ko a riga. Sahabi Abdullahi ɗan Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane, in ya zama dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Amma tatu ba don hoton aka hana shi ba. An hana shi ne don aikin da ake yi wa fatar, ko da ɗigo ɗaya ne, ko da sunanka kawai aka rubuta.

Abin da Larabawa suke kira washmu shi ne a tsattsaga fata da allura har jini ya fito, a cusa kwalli ko shuni, rauni ya warke a kansa. Injin yau aikin nan yake yi, sauri kawai ya ƙara. Allurarsa tana huda fata sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti ɗaya, ta wuce fatar sama wadda take saɓulewa ta sabunta, ta ajiye tawada a fatar ciki, zurfin kamar milimita 1 zuwa 2. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, sai ta zauna a wurin har mutuwa. Wannan dawwamar ita ce canza halittar da nassi ya ambata.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Allah ya tsine wa masu yin washmu da masu neman a yi musu, har zuwa inda ya ce masu canza halittar Allah. Sun ruwaito tsinuwar kuma daga ɗan Umar, daga Annabi (SAW). A suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah ya ba mu labarin alkawarin Shaiɗan cewa zai umarci mutane su canza halittar Allah. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa duk aikin da aka haɗa da tsinuwa yana cikin manyan zunubai.

Batun cewa lafazin na mata ne, wannan ba mafita ba ce. An ambaci mata ne domin su suka fi yi a lokacin, a leɓe da dasashi da bayan hannu. Dalilin hanin, wato canza halitta don ado, bai san namiji ko mace ba. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Bukhari da ya ce Annabi (SAW) ya hana washmu, a sake, babu ambaton jinsi. Don haka farantin sarƙa a sha-raɓa, da sarƙa a damtse, da keke a wuyan hannu, dukansu haramun ne ga mai yi da wanda aka yi wa, kuma kuɗin aikin ba halal ba ne.

Rukunin jini yana buƙatar tsayawa kaɗan, domin niyyar mai shi kyakkyawa ce. Shari'a ta yi rangwame inda akwai lalurar magani, kamar ɗigon da likitoci suke yi wa mai ciwon daji don saita wurin da za a gasa ciwon da haske, kuma ruwayar Abu Dawud daga ɗan Abbas ta ƙayyade tsinuwar da cewa ba tare da wata cuta ba. Sai dai lalura tana tabbata ne idan babu wata hanya, nan kuwa akwai. Asibiti ba ya ƙara wa mutum jini don abin da aka gani a fatarsa, sai an ɗebi jininsa an gwada an haɗa da wanda za a sa masa. Kati mai leda a aljihun riga, ɗauke da suna da rukunin jini da lambar wani ɗan'uwa da duk ciwon da kake da shi, ya fi amfani, kuma idan lamba ta canza sai a sake kati.

Ga cutarwa kuma, wadda ita kaɗai ta isa dalili. Allurar da aka maimaita, ko tawadar da aka tsoma wa mutum biyu, hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda yake girma ya wuce raunin. Sabon tatu buɗaɗɗen rauni ne na mako 2 zuwa 4, shi kuwa mai keke gumi ne da ƙurar hanyar Mashi da baƙin man sarƙa a daidai ƙafar dama. Zanen keke kansa ba ya jure shekaru. Tawada tana bazuwa a hankali cikin fata, sai wayoyin gargare 32 ko 36 da aka ja sirara su haɗe, haƙoran faranti su dushe, rana ta kodar da sauran.

Ɗan'uwanku da ya riga ya yi, kada ku kore shi, kada ku goranta masa. Ya yi nadama, ya ƙudurce ba zai ƙara ba, ya nemi gafara. Alwalarsa da wankansa sun inganta, domin tawadar tana ƙarƙashin fata, ruwa yana taɓa abin da aka wajabta ya taɓa. Shafi'awa, kamar yadda Imam Nawawi ya bayyana, suna ganin wurin ya zama najasa saboda jinin da ya daskare, kuma wajibi ne a cire in babu tsoron cutuwa. Malamanmu Malikawa sun sauƙaƙa. Shehu Nafrawi, a sharhinsa na Risala, ya ce ba a tilasta wa mai shi cirewa da wuta, yana cikin abin da aka yafe, sallarsa ta yi. Da wannan nake ba ku fatawa: sallarsa ingantacciya ce, bin sa ma haka, idan ya tuba kuma shi ya fi ku karatu. Ya riƙa rufe wurin don kada ƙanana su kwaikwaya.

In yana da hali, cirewa da hasken leza wurin likitan fata abu ne mai kyau. Ya sani ba zama ɗaya ba ne, ana yi sau da yawa da tazarar mako 6 zuwa 8, baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai, kuma wurin yana iya yin fari a fatarmu. Ina gargaɗinsa da babbar murya kada ya kusanci ruwan batir, ko reza, ko ƙarfe mai zafi. Wannan cutar da kai ne, kuma haramun ne na biyu a kan na farko. Wanda kuwa wanzami ya yi wa tsaga yana jariri, babu laifi a kansa ko kaɗan.

Za ku ce to na wucin gadi fa? Sitikar da ake mannawa a fata ba washmu ba ce, amma leda ce mai tare ruwa. A hannu zuwa gwiwar hannu tana ɓata alwala, a ko'ina a jiki tana ɓata wankan janaba, sai an kankare. Lalle rini ne, ba ya tare ruwa, sai dai ƙunshin ado na mata ne, kuma an tsine wa namiji mai kamanceceniya da mata. Baƙin dayis da ake haɗawa da shi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje masu ruwa. Ban ga alheri ga namiji a ko ɗaya ba, balle suna koya wa ido sabawa da na allura.

Sha'awarku ta samun tambari ba laifi ba ce, wurin sa shi kawai za ku sauya. Ku zana farantin da sarƙar, ku sa hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu a tsakiya in kuna so, a buga muku a riga, ko baduku ya fitar da shi a jakar sirdi, ko mai ɗinki ya zuba shi a hula. In a jikin keken ne, ku wanke ƙarfen da sabulu, ku goge da sifirit ya bushe sarai, sannan ku manna sitika daga tsakiya zuwa gefe, domin maiƙo ne yake sa ta ɗagowa. Ku zaɓi mai ƙyalli wadda fitilar mota take haskawa, tunda da duhun Asuba kuke fita. Mai son fenti ya goge da takardar yashi mai lamba 400, ya fesa na share fage, sannan launi shafi 2 ko 3 marasa kauri, kowanne ya sha iska, domin shafi mai kauri zuba yake yi. Kada a sassaƙa rubutu a kan keke ko cokalin gaba mai riƙe da tayar gaba, musamman na alminiyam, daga irin wannan ƙarzanen tsagewa take farawa. A yi shi a ƙararrawa. Hular kwano kuma kada a fesa mata fentin mota, sinadarinsa yana cinye robar da ke kare kai.

Ku kiyaye abu biyu a tambarin. Kada ku sa cikakkiyar surar mutum ko dabba, kada kuma ku rubuta aya ko sunan Allah a riga mai shan gumi da shiga bayi, ko a ƙarfen da taɓo yake fantsama a kai. Mai son abin riƙewa ya cire ƴaƴan tsohuwar sarƙa uku ya yi maƙalin makulli, amma kada ya mai da ita abin wuya ko awarwaro.

Wallahu a'alam.