Amsar tambayar Kawu kan AC na sabon gida

Assalamu alaikum. Kawu, barka da dare, ya gajiyar aiki? Na ga tambayar da kuka saka a zaure tun da rana, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kun ce an kawo muku AC na hannu guda uku a farashi mai sauƙi, ko ku karɓa ko ku jira ku sayi sabo mai inbata. To, ni dai a ganina, ku dakata da duka biyun tukuna, mu fara maganar rufin nan.

Ranar da na leƙa ginin, wajen ƙarfe uku na yamma, na hau bene na tsaya a ɗakin da ke kallon yamma. Wallahi Kawu, kwanon nan kamar kasko. Na ɗora hannu a bango, zafi. Ga wata ƙatuwar tagar gilashi rana na dukanta kai tsaye, ba rumfa ba komai. Irin wannan ɗakin ko AC mai ƙarfin doki biyu kuka sa masa, injin ba zai huta ba, mita kuma ta yi ta gudu.

Kun tuna soron Kaka? Ginin tubali, bango mai kauri, rufin azara da ƙasa, 'yar taga can sama. A tsakiyar bazara mutum ya shiga ya yi barcin rana ba ko fanka. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa ba, amma dabarar ita ce dai: a hana zafi shigowa tun farko. Abin da ma ƙa'idar gini mai tsimin wuta da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ke cewa kenan, a rage girman taga, a yi mata inuwa, a sa abin da zai tare zafi a ƙarƙashin rufi. Sai dai, to, wa ke bi? Magina da yawa ba su ma taɓa jin labarinta ba.

Don haka kafin kafinta ya buga silin, a shimfiɗa abin tare zafin nan tsakaninsa da kwano, a bar ƙofar iska a sama, tagar yamma kuma a yi mata rumfa. Darbejiyar da ke bayan gida don Allah kar a sare ta.

Sai batun na hannu. Ku yi lissafi da ni. AC mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da yunit ɗaya a awa idan injin na aiki. Awa takwas a dare, kusan yunit tara ko goma kenan. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya, kun ga dare ɗaya ya tasamma dubu biyu. Ɗaki ɗaya fa. Tsohon da ya gaji kuwa ya fi haka ci. Shi mai inbata, da ɗaki ya yi sanyi sai injin ya sassauta, ba ya ta kashewa yana tashi da ƙarfi, shi ya sa ma sola da ƙaramin janareta ke iya ɗaukarsa.

Ga kuma gas. Yawancin tsofaffin nan R22 ne a cikinsu, wanda duniya ke kan dainawa ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta kare sararin samaniya, yana ƙara wuya yana ƙara tsada. Ghana ma tuni ta hana shigo da firji da AC na hannu, don wutar da suke sha.

Af, na manta. In kun saka, a bar shi a digiri 24 ko 25, a haɗa da fanka. Yaran nan da ke kai shi 16 su lulluɓa da bargo, ba ya ƙara saurin sanyi, kuɗi kawai yake ci. Indiya ma tun 2020 ta sa kamfanoni su riƙa fito da shi a saite kan 24.

Asabar in Allah ya kai mu zan zo da safe mu zauna da kafintan. A gaida su Inna.