Amsa ga mai tambayar ko masanan da suna tantance tarihi

Ɗan'uwa ka tambaya wai masanan Turai na shekaru ɗari huɗu ɗari biyar da suka wuce suna tantance littafin tarihi kuwa, ko duk abinda suka gani a rubuce haɗiyewa suke. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare kuma tambayar nan kusan duk shekara sai ɗalibi ya min ita. Wallahi suna tantancewa, har faɗa suke a kai.

Wanda nake fara kawo wa yara shine Lorenzo Valla, mutumin Italiya. Akwai wata takarda da aka daɗe ana cewa Sarki Constantine ne ya rubuta ya damƙa wa Paparoma mulkin yammacin daular Rum, to a 1440 Valla ya zauna ya bi Latin ɗin takardar kalma kalma, ya ga an kira manyan Rum da satrap alhali wannan sarautar Farisa ce, kuma ga ambaton Constantinople a lokacin da ba a ma kafa birnin da wannan sunan ba. Bakin takardar ne ya tona mata asiri. In na zo nan a aji sai kaga yara sunyi tsit, har masu surutun baya.

Sai Jean Bodin, lauya ne a Faransa, a 1566 ya fitar da littafi sukutum kan yadda ake karanta tarihi. Bodin yakan fara da bincikar shi marubucin tarihin: ya taɓa riƙe mulki ko zuwa yaƙi? yana tsoron sarkin da yake rubutu a kansa? abincin wa yake ci? Kusan irin tambayar da malaman hadisi suke yi wa mai ruwaya kenan, shiyasa ɗalibaina da suka yi islamiyya suke saurin kamawa.

Amma fa suma ana cin su. Annius na Viterbo, wani malamin coci a Italiya, ya ƙirƙiro tsoffin littattafai na jabu a 1498 kuma manyan masana da yawa sun yarda, aka jima ana kafa hujja dasu kafin irin su Joseph Scaliger su yi musu kaca-kaca.

Ni dai yanzu duk wanda ya kawo min labarin asalin garinsu daga WhatsApp, kafin mu karanta sai ya nemo min wa ya rubuta kuma yaushe. Mafi yawa sai suje su dawo hannu rabbana.