Wane objektif ya dace da hoton mota a tsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani filin sayar da motoci a nan Yamai, ni ke ɗaukar hotunan da muke sawa a Facebook da WhatsApp. Kyamarata Nikon D3200 ce da objektif ɗinta, wato gilashin gabanta, na 18-55mm. Hotunan na fitowa gaban mota ya kumbura, bayanta ya tsuke, har masu saye na cewa ba motar ba ce. An ce in sayi mai faɗi na 10-20mm saboda filinmu matsattse ne. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a unguwar Wadata.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi 10-20mm saboda wannan aiki, ƙara maka ciwon zai yi. Kumburin da kake gani daga inda kake tsayawa ne. Idan ka sa 18mm, dole ka matso kusa kafin motar ta cika hoto. A ce kana mita 2 daga fitilar gaba: Corolla tsawonta wajen mita 4.6 ne, don haka bayanta yana mita 6 da wani abu daga gare ka. Abin da ke mita 2 zai fito ya ninka na mita 6 sau uku. Ja baya zuwa mita 10, sai gaba ya zama mita 10, baya mita 14 da wani abu, bambancin ya ragu har ido ya yarda da shi.

Kafin ka kashe ko dala, gwada da abin da ke hannunka. Murɗa objektif ɗin zuwa 35mm, ka ja baya wajen mita 9, nan hoton zai ɗauki faɗin mita 6, ya ishi Corolla ta gefe da ɗan fili gaba da baya. A 50mm kuwa sai ka kai mita 13. Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita 5, ita sai ka ƙara taku biyu ko uku. Idan filin bai ba ka wannan tazara ba, a fito da motar bakin ƙofa. Ya fi sauƙi a kan sayen gilashi.

Tsayin kyamara ma da nasa. Wanda ya ɗauka a tsaye, rufi da murfin inji yake nunawa, motar ta yi kamar an danne ta. Durƙusa har kyamara ta yi daidai da fitilar gaba, ka tsaya ta kusurwa inda za a ga gaba da gefe tare, a karya sitiyari kaɗan yadda fuskar tayar gaba za ta kallo ka.

In kuma za ka saya, AF-S DX 35mm f/1.8G muka fi so maka. Ya fi 18-55mm kaifi, ba nauyi, kuma tazarar mita 9 ana samunta a yawancin filaye. Na 50mm ya fi fitar da surar mota, amma sai mai fili. Ga tarkon da mutane ke faɗawa: akwai tsohon 50mm f/1.8D mai arha, wanda ba shi da injin daidaita gani a cikinsa, ita ma D3200 ba ta da shi a jikinta. Zai hau, zai ɗauka, amma da hannu za ka riƙa daidaitawa. Nemi mai rubutun AF-S, shi ne mai injin a cikinsa. Idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, buɗe murfi gaba da baya ka haska tocila ta ciki. Ƴar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne farin zane kamar saƙar gizo, wato funfuna, wadda ke kama gilashin da ya daɗe a gari mai laima irin Kwatano ko Lome.

Kuma don an rubuta f/1.8, wato iyakar buɗewar ƙofar hasken objektif, ba wai kullum a nan za ka bar shi ba. A ranar Yamai, da ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), f/1.8 na neman saurin ɗauka wajen 1/8000 na daƙiƙa, kyamararka kuwa iyakarta 1/4000, sai haske ya yi yawa, farar mota ta fito fari fat a hoto ba a ganin layin ƙofa. Sa f/5.6 ko f/8: motar za ta fito tas daga lamba har fitilar baya.

Tambaya: Baƙaƙen motoci ne ke ba ni wuya. Gilashi da jiki duk ƙyalli, har ni kaina ina fitowa a ƙofa. Akwai objektif da ke hana wannan? Daga wata mai ɗaukar hoto a Yantala.

Amsa: Malama, wannan aikin filtar CPL ne, wadda ake ɗaurawa a bakin objektif. Duba lambar da ke kusa da alamar ø don ki san faɗin da za ki saya: na 35mm ɗin da muka ambata 52mm ne, 50mm f/1.8G kuma 58mm. Ki ɗaura, ki duba ta cikin kyamara, ki riƙa juya zoben a hankali har hoton sama ya ɓace daga gilashin gaba, kujeru su bayyana.

Tana da iyaka. Ta fi aiki idan kina kallon gilashin a karkace. In kin fuskance shi kai tsaye, kusan ba ta yin komai. Gilashin gaba da na gefe ba sa washewa a juyi ɗaya, sai ki zaɓi wanda ya fi muhimmanci, mu dai na gaba muke zaɓa. Ba ta kashe ƙyallin tsuran ƙarfe mai sheƙi, kuma a gilashin da aka liƙa wa baƙar leda takan fito da launuka kamar bakan gizo. Tana cin fiye da rabin haske, don haka ki lura kada sauri ya sauka ƙasa da 1/125 idan a hannu kike riƙe da kyamara.

Baƙar mota madubi ce, abin da ke gabanta shi take nunawa. Ki nisance ta, ki sa tufafi masu duhu, ki ɗauka kafin ƙarfe tara na safe ko bayan La'asar sakaliya. Inuwar bango ta fi ta dogon yaro, wadda ke zuba dabbare-dabbare a jikin fenti. A lokacin hunturu kuwa hazo yana tausasa haske, yana taimako, sai dai a goge motar daf da ɗauka, kuma kada a canja objektif a fili: shiga cikin mota, a rufe ƙofa, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Tambaya: Ni waya kawai gare ni. Kuma yaya ake ɗaukar cikin mota? Daga wani dillali a Tawa.

Amsa: Alhaji, dokar ɗaya ce. 1x na waya mai faɗi ne, 0.5x ya fi shi, duka biyun suna kumbura gaban mota idan ka matso. Danna 2x ko 3x ka ja baya, amma kada ka ja hoton da yatsu ya wuce nan, dusashewa zai yi.

Cikin mota ne kaɗai inda mai faɗi ke da amfani: 1x a waya, 18mm a kyamara. Zauna a tsakiyar kujerar baya, ka miƙe sitiyari, ka riƙe wayar ba karkata don kada ginshiƙan ƙofa su kwanta. Motar ta kasance a inuwa, in ba haka ba tagogi za su yi fari, ciki ya yi duhu. Ka kunna motar ka ɗauki allon kilomita daban da 2x, don shi mai saye zai fara tambaya.